Ɗaukar Hoton Ƙananan Halittu: Zuga-zugi Ko Gilashin Makro?

Kowa ya san ƙwaron nan da ke huda wake a cikin buhu ko rumbu. Mu 'yan makarantar kwana ma ba sai an gabatar mana da shi ba, don mukan haɗu da shi a kwano. Amma mutum nawa ne a cikinmu suka taɓa ganin fuskarsa? Tsawonsa duka bai wuce wajen milimita 3 ba. Idan ana so a ɗauki hotonsa yadda malamin gona zai dube shi ya gane ko wane iri ne, ko kuwa yadda malamin kimiyya zai nuna wa aji ƙafafunsa da idanunsa, to, kyamara da gilashin da aka saba sayar da ita da shi ba za ta iya ba. Dole sai an ƙara mata wani abu.

Abubuwa biyu ne masu wannan sana'a suka fi dogara a kansu. Na farko shi ne zuga-zugin kyamara, na biyu kuwa gilashi ne na musamman wanda ake kira makro. Wannan zangon mun sha gardama a ƙungiyarmu ta ɗaukar hoto a kan wanne ya kamata a saya, domin kuɗin da ke hannu ba zai ishi duka biyun ba, kuma gumin iyayenmu ne. Shi ya sa na ga ya kyautu in bayyana yadda kowannensu ke aiki, sa'an nan in faɗi ra'ayina.

Me Ya Sa Kyamara Ke Ƙin Abin Da Ke Kusa?

Ɗaga yatsarka ka riƙa matso da ita wajen hancinka sannu a hankali. Za ka ga akwai inda za ta iso ta zama dishi-dishi, kome ƙoƙarinka ba za ka gan ta sosai ba. To, haka idon kyamara yake, watau gilashin da ke gabanta.

Kowane gilashi yana da tsawonsa, kuma akan rubuta shi a jikinsa, misali milimita 50 ko 100. Ba tsawon ƙarfen da ke riƙe da shi ake nufi ba. Wanda ya taɓa ƙona takarda da gilashin ƙara girma a cikin rana ya san akwai wani nisa da hasken ke taruwa wuri ɗaya ya zama ɗigo mai zafi. Wannan nisan shi ne tsawon gilashin. Idan abin da za a ɗauka yana can nesa, kamar dutse ko hasumiya, surarsa takan faɗa bayan gilashi daidai wannan nisa, nan kuwa aka ajiye fim, ko kuma ɗan farantin lantarki da ya maye gurbin fim a kyamarorin yanzu. Amma da abin ya fara matsowa kusa, sai surarsa ta riƙa ja da baya, tana kuma ƙara girma. In ana so ta sauka daidai kan fim, sai a tura gilashin gaba ya yi nisa da jikin kyamara.

Gilashi na yau da kullum mai milimita 50 ɗan kaɗan yake iya fitowa. Galibinsu sukan tsaya idan abu ya matso wajen santimita 45, a nan kuwa surar ba ta wuce kashi ɗaya cikin bakwai na ainihin girman abin ba. Kun ga ke nan ƙwaron wakenmu ba zai kai ko rabin milimita a kan fim ba. Tsawon fim ɗin da aka fi sani milimita 36 ne, faɗinsa 24. Ashe ƙwaron zai zama kamar ɗigon tawada a tsakiyar allo.

Dokar abin mai sauƙi ce, 'yan ajin kimiyya ma sun san ta daga darasin haske. Ka auna yawan tura gilashin da ka yi gaba, ka raba da tsawonsa, abin da ka samu shi ne girman surar. In ka tura gilashi mai milimita 50 gaba da milimita 25, sura za ta zama rabin abin. In ka tura da 50, sura da abin sun zama daidai wa daida, wannan shi ake kira ɗaya bisa ɗaya. In ka tura da 100 ta ninka biyu, da 150 kuwa ta ninka uku. Zuga-zugi da gilashin makro duk wannan matsala ɗaya suke warwarewa, hanya ce kawai ta bambanta.

Zuga-zugi

Sunan ya dace, don wanda ya taɓa zama a maƙera da ya gan shi zai tuna da zuga-zugin maƙeri. Wani baƙin ƙyalle ne ko fata mai ninki-ninki, yana miƙewa yana takurewa. Amma shi ba iska yake hurawa ba, kuma babu gilashi ko ɗaya a cikinsa. Ɗan ɗaki ne mai duhu kurum, wanda ake iya ƙara masa tsawo. Ana ɗaura kyamara a bayansa, gilashi a gabansa, su duka suna bisa wani ƙarfe mai haƙora kamar hanyar jirgin ƙasa. In ka murɗa maɓalli sai gilashin ya tafi gaba ko baya. Wani da kamfanin Nikon na Japan ya yi, mai suna PB-6, yana miƙewa daga milimita 48 har zuwa 208. Da gilashi mai milimita 50 ke nan zai fara daga wajen ɗaya bisa ɗaya, ya kai ninki huɗu.

Wannan dabara tsohuwa ce ƙwarai, kuma an yi manyan ayyuka da ita. A shekarar 1885 wani manomi a garin Jericho na jihar Vermont a Amurka, mai suna Wilson Bentley, ya haɗa kyamara mai zuga-zugi da madubin likita, irin wanda ake duba ƙwayoyin cuta da shi, ya ɗauki hoton ƙwayar dusar ƙanƙara guda ɗaya. Kafin rasuwarsa a 1931 ya ɗauki fiye da 5,000. A Jamus kuma wani malamin zane, Karl Blossfeldt, ya haɗa kyamararsa da hannunsa, ya riƙa ɗaukar toho da ganye da 'ya'yan itace yana ƙara musu girma har ninki 30, don ya koya wa ɗalibansa zane. An buga hotunan a littafi a 1928, duniya ta yi ta mamaki.

Akwai wata dabara da masu zuga-zugi kan yi. Gilashi na yau da kullum an ƙera shi ne don abu ya kasance nesa a gabansa, fim kuma kusa a bayansa. To, da an wuce ɗaya bisa ɗaya sai al'amarin ya juye, abin ya fi fim kusa da gilashi. Saboda haka sai su juya gilashin, bayansa ya koma gaba, su ɗaura shi da wani zobe da aka yi don haka, hoton kuwa sai ya fi fita. Wasu kuma sukan nemi gilasan da ake buga hoto a takarda da su a ɗakin duhu. Da yake yawancin ɗakunan wanke hoto sun rufe tun da kyamarar lantarki ta yi yawa, irin waɗannan gilasan na hannu sun yi araha, ga su kuwa da kyau wajen aikin kusa.

Gilashin Makro

Shi wannan gilashi ne cikakke, ana ɗaura shi a kyamara kai tsaye kamar kowane gilashi. Bambancinsa shi ne an ƙera shi ya iya tafiya mai tsawo da kansa, daga ganin nesa har zuwa kusa, ba tare da an ƙara masa kome ba. A 1955 ne wani Bajamushe mai suna Heinz Kilfitt ya fitar da Makro-Kilar mai milimita 40, wanda ake lissafawa a matsayin na farko irinsa ga ƙananan kyamarori. Nikon ta biyo baya a 1961 da Micro-Nikkor mai milimita 55. Yawancin na yanzu suna kaiwa ɗaya bisa ɗaya, kuma a cikinsu akwai jerin gilasai da ke motsi dabam-dabam yayin da ake saiti, don hoton ya fita tar ko abin yana nesa ko yana kusa. An kuma yi su yadda gefen hoto zai fita kamar tsakiyarsa, layi madaidaici kuma ba zai lanƙwashe ba. Wannan ya sa suka dace da ɗaukar shafin takarda, kamar tsofaffin rubuce-rubucen ajami da ke ajiye a gidajen malamanmu, waɗanda gara da ruwan sama ke yi wa barazana.

Akwai kuma 'yan kaɗan da suka wuce ɗaya bisa ɗaya. A 1999 kamfanin Canon ya fitar da MP-E mai milimita 65, wanda ke farawa daga ɗaya bisa ɗaya ya kai ninki biyar. Amma fa shi ba ya ganin nesa ko kaɗan, ba za ka ɗauki hoton abokinka da shi ba. Wani kamfani na ƙasar Sin mai yin gilasan Laowa shi ma ya fitar da irinsa a 2018, daga ninki biyu da rabi zuwa biyar.

Mu Auna Su

Na farko, girma. A ɗaya bisa ɗaya, ƙwaron wake zai ci milimita 3 cikin 36, watau kashi ɗaya cikin goma sha biyu na tsawon hoto. Wannan ya isa a gane ƙwaro ne, amma bai isa a ƙirga gaɓoɓin ƙahonsa ba. A ninki huɗu kuwa zai ci milimita 12, sulusin hoton ke nan. Saboda haka wajen malam-buɗe-littafi, da fara, da fure, da kwabo, gilashin makro ya wadatar. Wajen sauro da tururuwa da ƙwayar gero kuwa, zuga-zugi ya yi masa fintinkau.

Na biyu, haske. Haska tocila a bango daga kusa, sa'an nan ka ja da baya. Da'irar hasken za ta faɗaɗa, amma za ta dushe. Haka ke faruwa cikin kyamara idan gilashi ya yi nisa da fim. Lissafin shi ne ka ƙara ɗaya a kan girman surar, ka ninka abin da ka samu da kansa. A ɗaya bisa ɗaya, ana bukatar haske ninki 4. A ninki biyu ana bukatar ninki 9, a ninki uku kuwa 16. Wannan hasara ba ta bar kowa ba, gilashin makro ma yana yin ta. Inda suka bambanta shi ne gilashin makro yana magana da kyamara ta wayoyin lantarki. Yakan bar ƙofar haskensa a buɗe kana gani sarai, sai lokacin da ka danna ne zai tsuke ta, cikin ƙiftawar ido. A kan zuga-zugi na yau da kullum wannan magana ta yanke. Kai ne za ka buɗe ƙofar ka yi saiti, ka tsuke ta da hannu, abin da kake gani ya yi duhu, sa'an nan ka danna. Ga kuma wani tarko da ya kamata mai saye ya sani: yawancin gilasan zamani ba su da zoben tsuke ƙofa da hannu, lantarki ne ke juya su. In ka ɗora irinsu a kan zuga-zugi, ba ka da iko da ƙofar. Sai dai ka nemi tsohon gilashi mai zobe, ko kuwa zuga-zugi mai wayoyi irin wanda kamfanin Novoflex na Jamus ke yi, shi kuwa da tsada.

Na uku, zurfi. Wannan shi ne abin da ya fi ba sabon shiga mamaki. In ka ɗauki hoton ɗalibai a filin wasa, na gaba da na baya duk sukan fita. A aikin kusa ba haka ba ne. A ɗaya bisa ɗaya, da ƙofar haske a lamba 8, wurin da ke fita tar bai wuce kaurin milimita ɗaya ba. A ninki uku kuwa ya koma wajen kashi ɗaya cikin biyar na milimita. Sai ka ga idon ƙuda ya fita, fiffikensa ya zama hazo. Mutum zai ce, to, a ƙara tsuke ƙofar mana. Ana samun ƙarin zurfi kam, amma haske yana da wata ɗabi'a: in aka tilasta masa bi ta ƙaramar kafa sai ya watsu, hoton gaba ɗaya ya yi laushi. Lamba 16 a ninki uku tana aiki ne kamar lamba 64. Maganin da aka samo a zamanin kwamfuta shi ne a ɗauki hotuna da yawa, kowanne a ɗan matsa gaba kaɗan, sa'an nan kwamfuta ta tsinci wurin da ya fita a kowanne ta haɗa su hoto ɗaya. Wani Bature ɗan Ingila, Levon Biss, ya nuna hotunan ƙwari a gidan tarihin halittu na Jami'ar Oxford a 2016, kowane ɗaya an haɗa shi daga hotuna wajen 8,000. Irin wannan aiki yana son kyamara a kafe bisa tebur tana tafiya kan ƙarfe, nan kuwa gidan zuga-zugi ne.

Na huɗu, sauri da tazara. Ƙwaro mai rai ba ya jiran mai hoto. Kafin ka kafa ƙafa-uku, ka miƙa zuga-zugi, ka buɗe ƙofa, ka tsuke, zuma ta gama shan furenta ta koma amya. Ga shi kuma in girma ya yi yawa, bakin gilashin yakan matso dab da abin, har inuwarsa ta tare haske. Gilashin makro mai milimita 100 kuwa yakan bar tazarar wajen santimita 14 ko 15 tsakaninsa da ƙwaro a ɗaya bisa ɗaya. Ana riƙe shi a hannu, yana saiti da kansa, wasu ma suna da na'urar rage rawar hannu. In ka gama da ƙwaro, sai ka ɗaga kai ka ɗauki hoton shugaban makaranta yana ba da kyauta. A daji da gona, gaskiya zuga-zugi ba ya ko kama ƙafarsa.

Na biyar, ƙura da zafi. Wannan ya shafe mu musamman. Duk lokacin da aka miƙa zuga-zugi yana zuƙar iska, in aka takure shi ya fitar. A lokacin hunturu iskar nan cike take da ƙura, ƙurar kuwa sai ta sauka a kan farantin kyamara, ta fito baƙaƙen ɗigo a hoto. Zafi da bushewa kuma sukan sa tsohuwar fata ta tsage a kusurwoyin ninki, haske ya riƙa satar shiga. Wanda zai sayi na hannu, ya shiga ɗaki mai duhu, ya miƙa shi iyakarsa, ya kunna tocila a ciki. In ya ga taurari suna ƙyalli a jikinsa, ya mayar wa mai shi abinsa. Gilashin makro a rufe yake, wannan damuwa kaɗan ce gare shi.

Na shida, kuɗi. Galibi zuga-zugi na hannu tare da tsohon gilashi ba su kai kuɗin sabon gilashin makro ba. Amma kada a manta da kayan haɗi. Zuga-zugi ba ya aiki sai da ƙafa-uku mai ƙarfi, da fitila, da zoben da zai haɗa bakinsa da na kyamara, don kowane kamfani da irin bakinsa. Iyaye su tambayi wannan kafin su zura hannu a aljihu, kada a sayo doki ba linzami.

Wani zai ce, ai wayar hannu ma tana yin wannan. Gaskiya ne wasu wayoyi suna ganin kusa, iPhone 13 Pro da ta fito a 2021 tana iya ɗaukar abin da ke santimita 2 daga gare ta. Wannan ya isa a tura wa malamin gona hoton ganye mai cuta. Amma a wannan kusanci wayar kanta takan tare haske, kuma ba ta ba ka damar zaɓen girman da kake so kamar yadda zuga-zugi ke yi.

Ra'ayina

Kowane allazi da nasa amanu. Wanda yake son bin ƙwari masu rai a lambu, ko yana fatan wata rana ya ci abinci da kyamara, yana ɗaukar zobe da sarƙa da ɗinkin hula don masu talla, ya tara kuɗinsa ya sayi gilashin makro, na milimita 90 ko 100. Zai yi masa aiki biyu, na kusa da na nesa, ba zai yi da-na-sani ba.

Amma ga makaranta, ni ina bayan zuga-zugi, dalilaina kuwa uku ne. Na ɗaya, abubuwan da muke bukata a ɗakin kimiyya, irin su matattun ƙwari da iri da ƙasa da gishiri, ba sa gudu, kuma yawancinsu ƙanana ne da suka fi ƙarfin ɗaya bisa ɗaya. Na biyu, kuɗinsa ya fi sauƙi, canjin kuma zai sayi ƙafa-uku da fitila. Na uku, wanda ya fi duka, shi zuga-zugi malami ne. Gilashin makro yana yi maka lissafi a ɓoye, ka sami hoto mai kyau ba ka san yadda aka yi ba. A kan zuga-zugi kuwa da hannunka za ka ɗauki rula ka auna milimita 100, ka ga sura ta ninka biyu, ka ga haske ya dushe, ka lissafa ninki 9, ka gwada ka ga ya fita daidai. Dokar da muke haddacewa don jarrabawa sai ga ta a gabanka tana motsi. Gani ya kori ji. Ɗalibin da ya yi wannan sau ɗaya, ko an tashe shi daga barci zai amsa tambayar.

Na san abokaina da ke ɗaya ɓangaren za su ce aikin yana cin lokaci, kuma sun yi gaskiya. Hoto ɗaya yana iya cin rabin awa. Amma sannu ba ta hana zuwa, kuma ba mu zo nan don mu yi sauri ba, mun zo ne mu koya. Ina roƙon malamanmu da iyayenmu su duba waɗannan dalilai kafin a yanke shawara, wanda kuma yake da hujjar da ta fi tawa ya rubuto ta a fitowa ta gaba, mu ƙaru. Allah Ya ba mu ilmi mai amfani, amin.